Usta Garba da Kujerar Ɗan'uwa

An ɗage tseren motocin direbobin unguwanninmu, wanda aka shirya yi ranar Juma'ar da ta wuce a kan kwaltar Jidda, zuwa Juma'ar ƙarshen wata, saboda rasuwar mutumin da ke shirya motocin da masu tuƙa su. Usta Garba ɗan Malam Mahmudu, bakanike mai warsha, wato gareji, a bakin unguwar Jarwal ta Makka, ya rasu da hantsin ranar Talata, tara ga watan Safar, 1375, daidai da 27 ga Satumba, 1955, a gidansa na Tandabawi. An yi masa salla a Harami bayan la'asar, aka kai shi maƙabartar Ma'alla. Ya bar matarsa, Hajiya Baraka, da ɗa namiji ɗaya, Isa, da 'ya'ya mata biyu, Rumasa'u da Ramlatu, da jikoki. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ciwon bai daɗe ba. Ranar Litinin da sassafe ya fita gwajin mota, ya dawo yana dafe da ƙirji. Ya ce zafi ne kawai, ya sha ruwa, ya shige ƙarƙashin wata motar da ke jiransa. Da azahar aka kai shi gida, bai sake fitowa ba. Direbobin da suka ɗauki makararsa sun yi yawa, har wasu ba su samu sa hannu ba sai a ƙofar maƙabarta.

A Tandabawi aka haife ka, Usta, kusan shekara sittin da suka wuce. Mahaifinka mutumin ƙasar Katsina ne da ya zo hajji da ƙafa bai koma ba, ya zauna yana ɗinkin salka da gyaran sirdin raƙumi. Kai ma da basilla ka fara. Da motoci suka fara shigowa Hijaz, masu raƙuma suna tsine musu, sai ka tafi Jidda ka zauna a hannun wani bakanike mutumin Sham, kana wanke noti a cikin kananzir, har ka dawo da akwatin sifana da sunan usta, wato gwanin sana'a, yadda ake faɗa a nan. Warshar da ka buɗe, rumfa ce ta kwano da rami ɗaya. Kusan duk Bahaushen da ke tuƙi a Makka yau ya taɓa kwanciya a cikin ramin nan yana miƙa maka ƙarfe.

A lokacin aikin hajji ba ka da gida. Inda duk motar alhazai ta mutu, tsakanin Mina da Arafa ko a hanyar Jidda, can za a gan ka da riga baƙa ƙirin da mai. Wata shekara motar wasu tsofaffi mutanen Barno ta tsinke fanbel a rana tsaka, babu wani a kusa. Ka kwance ɗamarar fatar da ke ƙugunka, ka yanka ta, ka ɗinke da basillar da ba ta rabuwa da aljihunka, ta kai su har Mina. Kai kuwa ka koma kana riƙe da wando da hannu ɗaya. Da bakinka kake ba da wannan labari, kuma kai kake fara dariya.

Ga waɗanda za su karanta wannan daga nesa, ya kamata a bayyana mene ne tseren. Idan alhazai suka watse, Muharram da Safar watanni ne na zaman banza ga direba. Samari sai suka fara rige-rige da juna a hanyar Jidda, wani lokaci da fasinja a baya. Usta Garba ya san hani ba zai yi aiki ba, sai ya ce in dole ne a yi, to a yi da tsari. Mota babu fasinja. A saki motoci ɗaya bayan ɗaya, a duba wa kowa lokacinsa. A yi bayan sallar asuba, kafin kwalta ta yi laushi, da sanin askarawan hanya. Kuma kada a fara sai an wuce alamun iyakar Harami a Shumaisi, domin a cewarsa ƙasar Harami ta fi ƙarfin wasa. Daga nan har shagon gahawa na Bahara. Babu ɗan sana'ar tsere a cikinsu, direbobin haya ne da na 'yan kasuwa. Wanda ya zo na ɗaya rago yake samu, kuma a wurin ake cinye shi. Abin da ya fi ragon shi ne masu motocin hanyar Madina suna zuwa kallo, kuma a ranar suke zaɓen direbobin da za su ɗauka na shekara. Bana ne karo na biyar.

Makonni kafin ranar, motoci suke fara jeruwa a gaban warsha. Yakan cire kujerun baya, ya ɗaure batir da maɗauri, ya wanke lagireto da ruwan da aka bari ya kwanta, saboda ruwan rijiyoyinmu yana barin gishiri a ciki. Birki kuwa da hannunsa yake kwancewa, ba ya wakilta kowa. Taya yakan shafa ta da tafin hannu kamar mai sayen doki, sannan ya rage mata iska kaɗan, domin zafin kwalta zai ƙara mata. Idan an tayar da inji sai ya ɗora bakin sukuddireba a jikinsa, ya kara ƙotar a kunne, kowa ya yi shiru. Motar da ya ce ba ta shiga, ba ta shiga, ko ta wane ne. Ana gobe tsere kuma yakan kwashi direbobin duka da tsintsiya su je su share yashin da iska ta zuba a kan kwanonin hanya. Yakan ce kwalta ba ta kayar da mota, yashin da ke bisa kwaltar ne ke kayar da ita.

Direbobin ma bai bar su haka ba. Wanda ya kwana a hira ba ya tuƙi. Wanda bai bi hanyar a hankali ba, har ya iya lissafa kwanoninta daga kai, ba ya tuƙi. Ido ma yana gwadawa. Alhaji Mukhtaru, abokinsa tun suna makarantar allo kuma tsohon direban hanyar Madina, ya zo da motarsa a shekara ta biyu. Usta ya tsayar da shi a bakin titi ya nuna gindin dutse.

"Mukhtaru, raƙuma nawa ne can?"

"Uku. Ka mayar da ni makaho ne?"

"Jakuna ne, ya shaikh, kuma biyu. Kawo makulli."

Alhaji Mukhtaru ya yi fushi na wata guda, ba ya ko bi ta Jarwal. Daga baya ya dawo ya karɓi tutar sakin motoci, kuma tun daga lokacin shi ne shugaban masu shirya tseren.

Amma abin da za a fi tuna ka da shi, Usta, shi ne kujerar ɗan'uwa. A shekarar farko kowane direba shi kaɗai yake shiga motarsa. Wani direba, Yunus, wanda yanzu yake dogara sanda, ya shiga kwanar Hadda ba tare da ya ɗaga ƙafa daga totur ba. Motar ta yi juyi biyu, ya karye a ƙugu. Ka jawo ta warsha, ka kwance ta ƙarfe-ƙarfe kana neman laifinka, ba ka sami komai ba: birki lafiya, taya lafiya, sitiyari lafiya. Da ka je duba Yunus ka tambaye shi me ya faru, ya ce shi dai ya ga ba wanda zai cutu sai shi. Ka fito ka ce wa mutane, "Na gyara mota, ban gyara mutum ba."

Daga shekara ta biyu ka kafa doka: ba direban da zai shiga tsere sai da ɗan'uwansa na jini a kujerar gefe, wa ko ƙane, uba ko ɗa baligi, kawu ko baffa. Ɗan'uwan ba zaman ado yake yi ba. Shi ke kiran kwana kafin a iso ta, shi ke kallon allurar zafin inji, shi ke riƙe da salkar ruwa, kuma sai ya koyi canza taya tare da direban a gabanka. Babban aikinsa dai shi ne direba ya waiga ya ga fuskar da zai kai wa uwarsa labari a kanta.

An soki wannan doka, kuma sukar tana da ƙarfi. Iyaye mata suka ce da ana sa mutum ɗaya a haɗari, yanzu an koma biyu daga ɗaki ɗaya. Ban taɓa jin ka rushe wannan magana duka ba. Abin da kake cewa shi ne a duba abin da ya faru. Ni nake riƙe da agogo a Bahara, kuma zan iya shaida abu biyu: gudun ya ragu daga na shekarar farko, kuma tun da aka kafa dokar babu motar da ta sake barin kwalta.

Kujerar ta yi wani aikin da ba a kafa ta dominsa ba. Akwai wasu 'yan'uwa biyu a Rusaifa da suka yi shekaru ba sa ga maciji saboda katangar gado. Ƙanen direba ne, kuma ba shi da wani namiji a Makka sai wan. Ya roƙe ka ka yi masa sassauci, ka ƙi. Dole ya aika a kira wan. Suka yi duk kwanakin horo ba wanda ya ce wa wani uffan, wan yana nuna kwana da yatsa. Ranar tsere, da suka tunkari kwanar Hadda da gudu, sai wan ya daka tsawa, "Hagu, jakin banza, hagu!" Ita ce maganar farko da ta shiga tsakaninsu tun rasuwar ubansu. A Bahara kwano ɗaya suka ci.

Bana ne ka karya dokar da kanka, ko kuwa ka nuna mana abin da take nufi tun asali. Akwai wani mutum a warsharka mai suna Abdulganiyyu, ɗan shekara talatin da 'yan kai. Ta hanyar birnin Lami da ƙasar Wadai ya biyo, ya yi shekaru yana tuƙa motar auduga a Sudan, ya tsallako teku ta Sawakin. Da mahaifiyarsa ya taso daga gida, ta rasu a hanya. Ba shi da kowa a Hijaz. Ka ba shi tabarma a warsha da aikin wankin inji, kuma daga kwanon da ake kawo maka daga gida yake ci. Duk wanda ya gan shi yana juya mota a lungun Jarwal ya san direba ne. Amma masu motocin Madina ba sa ba baƙo makulli sai sun san gidansu ko sun ga tuƙinsa da idonsu, kuma wuri ɗaya ake ganin tuƙi: ranar tsere.

Ka haɗa masa mota daga gawar motoci biyu da ke bayan warsha. Da aka zo maganar kujera, Alhaji Mukhtaru ya ce babu hali, mutumin ba shi da ɗan'uwa.

"Ni zan zauna," in ji ka.

"Kai ne ubansa? Na Katsina ko na Wadai?"

"Tambaye shi ko yana tsoron ya kashe ni. In ya ce eh, ya cika sharaɗi."

Aka juya wajen Abdulganiyyu. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi, Baba, ina tsoro." Alhaji Mukhtaru ya ce tayyib, ya yarda, tun da tsoho ya gaji da duniya, shi ba zai hana ba.

Kullum da sassafe ana ganinku a hanyar, kai da matashin kai a bayanka saboda ciwon baya, shi da hannu biyu a sitiyari. Fitar ranar Litinin ita ce ta ƙarshe, kuma Abdulganiyyu ne ya ba ni labarinta. Da suka doshi kwanar Hadda, bai ji ka kira ta ba. Ya waiga ya ga hannunka a ƙirji. Ya sha kwanar a hankali, ya tsaya, ya juya kan mota zuwa Makka. Ka yi ta yi masa faɗa har Jarwal, kana cewa wa ya ba shi izinin juyawa, an bar rabin hanya ba a duba ba. Da kuka sauka sai ka dafa boneti ka ce wa masu aikin warsha, "Khalas, shi ke nan, wannan ya iya." Ba wanda ya san ko kwanar kake nufi ko juyawar.

Yanzu kujerar babu kowa, kuma a zaman makoki na kwana uku maganar ta taso, bayan an shafa fatiha mutane sun ragu. Wasu direbobi suka ce a bar Abdulganiyyu ya shiga shi kaɗai, ko ya ɗauki duk wanda ya samu. Alhaji Mukhtaru ya ƙi. Ya ce sassaucin da aka yi, an yi shi ne saboda wanda zai zauna, kuma ba zai warware dokar mutum ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Magana ce mai kan gado. Sai dai ma'anarta ita ce masu motoci za su zaɓi direbobinsu Abdulganiyyu yana tsaye a gefen titi, ya sake shekara yana wankin inji a warshar da ba a san makomarta ba.

Daga nan Isa ya yi magana. Isa mai sayar da yadi ne a wani shago kusa da Harami. Tun yana yaro warin fetur ke sa shi amai, kuma mahaifinsa bai taɓa tilasta masa riƙe sifana ba. Bai taɓa zuwa ko kallon tseren ba.

"Baffa, inda Baba zai zauna ni zan zauna."

"Kai?" in ji Alhaji Mukhtaru. "Ka san inda ake zuba wa mota ruwa? Ko da yadi za ka auna mana hanyar Bahara?"

"Zan koya, Baffa. Amma sai Inna ta yarda."

Wanda ya ƙi shi ne Abdulganiyyu. Ya ce Isa ne kaɗai namijin da ya rage a gidan da ya ciyar da shi, kuma in aka sa shi a gefensa, jakin ɗan garuwa ma sai ya riga shi isa Bahara. Yunus, wanda ke zaune a bakin ƙofa da sandarsa a cinya, ya ce, "To ai dokar ke nan, ɗan'uwa. Da na samu wanda zai sa ni tafiyar jaki, da yau da ƙafata na zo." Alhaji Mukhtaru ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce idan Hajiya ta amince, zai ɗaga tuta.

Hajiya Baraka tana cikin takaba. Tana cikin matan da suka soki dokar tun farko, kuma ba ta ɓoye ba. Ta rasa miji, ana kuma tambayarta ɗanta ɗaya namiji saboda wani da ba ta haifa ba. Ba wanda ke da ikon matsa mata, kuma in ta ce a'a ba wanda zai ga laifinta. Ranar addu'ar bakwai ta sa Rumasa'u ta kira Abdulganiyyu zuwa bakin labule. Ya ce tambaya ɗaya ta yi masa: sunan mahaifiyarsa. Ya faɗa mata Asiya. Ta maimaita sunan, ta sallame shi. Wanda ya san tsofaffinmu ya san ba sa tambayar sunan uwar mutum sai za su sa shi a addu'a. Bayan wannan bai ji eh ba, bai ji a'a ba.

Usta, ka yi aikinka da hannu mai tsabta duk da baƙin mai. Ka tayar da motocin baƙin Allah a inda ba kowa, ka koya wa 'ya'yan mutane abin da za su ci abinci da shi, ka ba marar kowa tabarma da kwano da wuri a cikin mutane. Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa maƙwabtakar Ɗakinsa da ka yi a duniya ta zame maka maƙwabtakar bayinsa na gari a lahira. Allah Ya sa duk alhajin da ya isa Arafa ta sanadin hannunka ya zama mai shaida a gare ka.

Ina miƙa ta'aziyya ga Hajiya Baraka, da Isa, da Rumasa'u da Ramlatu da mazajensu da 'ya'yansu, da Alhaji Mukhtaru wanda ya rasa abokin faɗa, da Abdulganiyyu, da dukan direbobi da kanikawan Jarwal, Tandabawi da Rusaifa. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba ku ladan haƙurin, Ya sa mu cika da imani in tamu ta zo.

Da safiyar yau wani direban motar kayan lambu da ya taso daga Jidda ya ce ya gamu da motar Abdulganiyyu wajen Hadda, tana tafiya a hankali, da mutum biyu a gaba. Bai ga fuskar na biyun ba. Na je shagon Isa da hantsi na tarar da shi a rufe. Har zuwa lokacin da na ajiye alƙalami, ba a tabbatar da ko wane ne ke kujerar ba.